Sha'awar Tara Faifai Da Mujallun Mawaƙa, Daga Indiya Zuwa Koriya

Ko wane zamani da irin abin da samarinsa da 'yammatansa su ke tarawa. Kakanninmu sun tara faifan garmaho, iyayenmu sun tara kaset da hotunan 'yan wasan Indiya, daga baya kuma aka shiga tara mujallun finafinan Hausa. Yanzu ga wata sabuwa ta ɓullo daga ƙasar Koriya ta Kudu, ta game duniya, har ta fara leƙowa ƙasan nan, watau tara kundin waƙoƙi da mujallu da 'yan ƙananan hotunan mawaƙan wannan ƙasa. Tun da ya ke yawancin masu karanta wannan shafi malamai ne, ko masu shirin zama malamai, kuma tsaran yaran da za su koyar su ne a ke nema da wannan ciniki, ya kamata mu san abin tun daga tushensa. Mu ga inda ya samo asali, da yadda a ke sarrafa shi, da amfanin da ke cikinsa, da kuma ramin da a ke gudun yaro ya faɗa.

Abin ba baƙo ba ne a gare mu

Kafin mu je Koriya bari mu fara dubawa gida, gama an ce waiwaye adon tafiya. A shekarar 1937 aka buɗe gidan siliman Rex a Kano. Cikin shekarun 1950 kuwa Kwarori masu gidajen silima, watau mutanen Labanan, suka fara kawo finafinan Indiya. Ba su zaci abin zai karɓu kamar yadda ya karɓu ba. Fim ɗin nan Mother India, wanda aka yi a 1957, an yi shekara da shekaru ana nuna shi a ƙasar Hausa, mutane ba su gaji da shi ba. Samari suka san 'yan wasan kamar 'yan unguwarsu, har suka raɗa musu sunaye na Hausa. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Ka shiga shagon tela ko na mai aski, ka tarar an manne bango da hotunansu. Ka shiga tasi ko bas, ga su nan a jikin gilashi. Da rikoda ta yawaita, sai saurayi ya cika akwati da kaset na waƙoƙinsu, ya haddace su sarai, alhali kuwa bai san ma'anar ko kalma goma a ciki ba. Har masu bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karin waɗannan waƙoƙi suna ɗora musu baitocin yabo da Hausa.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, wanda a ke lissafa shi fim na farko na Hausa a kaset ɗin bidiyo. Kafin shekara goma sana'ar ta kafu, ta sami gwanayenta, irin su Ibrahim Mandawari da Rabilu Musa Ibro da Ali Nuhu da Fati Muhammad. Inda duk aka sami gwanaye kuwa, sai an sami masu son jin labarinsu. Sabo da haka mujallu suka fito. Sunusi Shehu Daneji ya kafa Tauraruwa a Kano a 1998, a cikinta ne ma sunan nan Kannywood ya fara bayyana a 1999. A watan Maris na 1999 kuma Ibrahim Sheme ya fito da mujallar Fim. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ita ce ta zama matattarar kaset, daga can 'yan kasuwa su kan sari kaya su watsu da su ko'ina, har su iso mu nan Kwantagora.

Waɗanda suka yi makarantar kwana a wannan zamani sun san darajar mujalla guda. Mutum ɗaya ya saya, amma sai ta zaga ɗakin kwana duka, ta koma wa mai ita bango ya saɓule. A kan ɓamɓare hoton gwani a manna a cikin murfin akwati. Waɗansu su kan jera mujallunsu wata bi wata, in guda ta ɓace ba su da sukuni sai sun maye gurbinta. Daga baya mawaƙa irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da kundin waƙoƙinsu a faifan sidi, aka shiga tara su su ma. Amma da wayar hannu ta zo, masu tura waƙa da fim a waya suka kakkafa teburansu a bakin kasuwa, sai cinikin faifai ya karye, mujallu da yawa kuma suka daina fitowa.

To, kun ga ashe son mawaƙin da ba a jin harshensa, da tara hotonsa, ba yau aka fara shi a ƙasar Hausa ba. Abin da ya ke sabo shi ne irin dabarar da aka shirya cinikin Koriya da ita.

Yadda Koriya ta shigo

Ta hanyar wasan kwaikwayo Koriya ta fara shigowa gidajenmu. Wasan nan Jumong, wanda aka nuna a can a 2006 da 2007, kashi 81, labarin wani jarumi ne da ya kafa daula. Da faifansa ya iso kasuwanninmu sai ya karɓu ƙwarai, gama akwai sarauta a ciki, da dawaki, da baka da kibiya, da kishi, da girmama na gaba, duk abubuwan da Bahaushe ya sani. Bayansa wasannin soyayya suka biyo, kamar Boys Over Flowers na 2009, waɗanda 'yammata suka fi so. Mai kallon wasa kuwa ba ya rasa jin waƙar da ke cikinsa, daga nan sai ya nemi mawaƙin.

Gwamnatin Koriya ba ta bar abin ga sa'a kaɗai ba. A 2010 ta buɗe Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja, inda a ke koyar da harshensu, a ke kuma shirya gasar rawa da waƙa irin tasu. A 2015 wata ƙungiyar samari 'yan Nijeriya, Pacific Starz, ta je birnin Canwon ta ci babbar kyautar gasar duniya ta irin waɗannan waƙoƙi. Yawancin masoyan da ke ƙasan nan a waya su ke sauraro. Amma wanda sha'awar ta kama shi sosai ba ya tsayawa nan, sai ya so ya riƙe kundin a hannunsa, ko da kuwa sai an yi masa odarsa daga ƙasashen waje.

Su wane ne mawaƙan?

Ana kiran irin wannan kiɗa K-pop, watau waƙoƙin zamani na Koriya. Masana su kan ce ya fara ne a 1992, sa'ad da wata ƙungiya mai suna Seo Taiji and Boys ta gauraya kiɗan Amurka da harshen Koriya. A 1995 wani mutum, Lee Soo-man, ya kafa kamfanin SM, a 1996 ya fito da ƙungiyar samari biyar mai suna H.O.T. Daga nan aka sami tsarin da a ke bi har yau. Kamfani ya kan zaɓi yara tun suna 'yan shekara goma sha, ya ajiye su, ya yi shekaru yana koya musu waƙa da rawa da harsunan waje da yadda a ke magana gaban jama'a. Da yawa su kan faɗi a hanya. Waɗanda suka tsira a haɗa su ƙungiya, a ba ta suna, a fito da ita. Sabo da ƙorafin da aka yi ta yi kan tsawon yarjejeniyar da a ke ɗaure yaran da ita, a 2009 hukumar kula da adalcin ciniki ta ƙasar ta ƙayyade ta kada ta wuce shekara 7.

Su kan kira irin waɗannan mawaƙa "aidol". Asalin kalmar a Turanci gunki ta ke nufi, amma a nan manufarta gwanin da a ke ƙauna matuƙa. Ko da ya ke haka ne, sunan ya isa ya nuna mana iyakar inda a ke so ƙaunar ta kai.

A 2012 waƙar Gangnam Style ta wani mawaƙi Psy ta zama ta farko da aka kalla sau biliyan 1 a YouTube. A 2013 ƙungiyar BTS ta samari bakwai ta fito, a 2018 kundinta ya zo na ɗaya a jerin cinikin Billboard na Amurka, abin da wani kundin Koriya bai taɓa yi ba kafin nan. A wannan shekara kuma shugabansu ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai Blackpink ta 'yammata huɗu, wadda ta fito a 2016, da Seventeen mai samari 13, da waɗansu masu yawa. Ku riƙe waɗannan adadi, huɗu da bakwai da goma sha uku, za mu komo kansu.

Me ke cikin kundin?

Ga abin mamaki. A zamanin da cinikin faifai ya mutu a Ƙofar Wambai, ya kuma ja baya a yawancin ƙasashen duniya, a Koriya hauhawa ya yi. A 2023 an sayar da kundin waƙoƙin Koriya fiye da kwafi miliyan 100, a gida da waje, alhali mutanen ƙasar duka ba su wuce miliyan 52 ba. Kundi ɗaya na Seventeen, mai suna FML, ya haura kwafi miliyan 6 a wannan shekara. Waƙoƙin kuwa duk suna nan a waya, kowa na iya ji. To, me mutane su ke saye?

Amsar tana cikin kwalin. In ka buɗe shi za ka ga faifan sidi, amma shi ne mafi ƙanƙantar daraja a ciki, da yawa cikin masu saye ma ba su da na'urar da za su sa shi. Abin da ya cika kwalin shi ne littafin hotuna mai kauri, da fasta ta mannawa a bango, da sitika, sa'an nan da wani ɗan kati mai hoton ɗaya daga cikin mawaƙan, girmansa kamar katin shaida. Wannan kati shi ne zuciyar cinikin. An fi danganta yaɗuwarsa a Koriya da wani kundin ƙungiyar 'yammata Girls' Generation na 2010. Mujallu ma hanyar nan su ke bi. Fitowa ɗaya a kan buga ta da bango iri-iri, ko wane bango da hoton mawaƙi dabam, abin da ke ciki kuwa duk ɗaya ne.

Dabaru huɗu

Dabara ta farko ita ce kundi ɗaya a fitar da shi kala-kala. Waƙoƙin ba su sāke ba, amma launin kwali da hotunan ciki sun bambanta. Sau da yawa in aka jera su a kanta sai bayansu ya haɗu ya ba da hoto guda ko suna guda. Wanda ya sayi uku cikin huɗu, kullum ya ɗaga ido sai ya ga giɓin.

Ta biyu ita ce katin nan. A rufe ya ke, ba ka san hoton wanda za ka samu ba sai ka biya ka ɓare. Yarinyar da ta ke son mawaƙi ɗaya cikin goma sha uku, in ta sayi kundi guda, sa'arta ɗaya ce cikin goma sha uku.

Ta uku ita ce ƙuri'ar ganawa. Shagunan sayar da kundi su kan shirya ranar da mawaƙa za su zauna su sa hannu a kundin masoya, ko su gaisa da su ta waya. Ko wane kundi da ka saya ƙuri'a ɗaya ce. Mai kundi hamsin ya fi mai guda ɗaya damar a zaɓe shi, sabo da haka masu hali su kan saya kwali-kwali.

Ta huɗu ita ce gasar ciniki. Akwai ma'aikatu, irin su Hanteo da Circle, masu ƙidaya abin da aka sayar, musamman a makon farko. Masoyan ko wace ƙungiya suna so a ce tasu ce kan gaba, sai su riƙa zuga juna, sayen ya zama kamar wani hakki da gwaninsu ya ke bin su. Mun san irin wannan a wajen biki, inda maroƙi ya kan ambaci abin da wane ya bayar don wane ya ji haushi ya ƙara. Bambancin kawai shi ne a nan filin bikin duniya ce duka.

Mu yi ɗan lissafi

Ga wurin da ilmin lissafi zai yi mana rana. Mu ɗauka ƙungiya tana da mawaƙa 7, ko wane kundi da kati ɗaya, kuma an raba katunan daidai wa daida. Kundi nawa mutum zai saya kafin ya haɗa duka bakwai ɗin? Yaro zai ce bakwai. Ba haka ba ne.

Kundi na farko lalle sabon kati zai ba ka. Na biyu kuwa, sa'ar samun sabo 6 ce cikin 7, gama yana yiwuwa ka maimaita wanda ka ke da shi. Haka sa'ar za ta riƙa raguwa, 5 cikin 7, 4 cikin 7, har ya rage saura kati ɗaya, sa'ad da sa'arka ta koma 1 cikin 7. A nan, bisa matsakaicin lissafi, sai ka sayi kundi 7 kafin wannan na ƙarshe ya faɗo. In muka juya ko wane kashi muka tara, watau 7/7 da 7/6 da 7/5 da 7/4 da 7/3 da 7/2 da 7/1, za mu sami 18 da 'yan kai. Ashe mai neman kati 7 kundi 18 zai saya, in sa'arsa matsakaiciya ce. In mawaƙan 4 ne, kundi 8 da ɗoriya. In 13 ne, kundi 41. Wannan kuwa kala ɗaya kaɗai mu ke magana, ba mu sa sauran kalolin ba.

Yanzu mu ce ko wane kundi dala 20 ne, ban da kuɗin aikowa. Kundi 18 ya tashi dala 360. Kowa ya juya wannan zuwa naira bisa canjin yau, ya auna shi da kuɗin makarantar zango guda, ko da albashin malamin firamare, zai ga inda maganar ta dosa. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Katin da a ke cewa kyauta ce a cikin kwali, shi ne ainihin abin da a ke sayarwa.

Masoyan kansu sun gane wannan, shi ya sa su kan yi musaya. Mai katin wane biyu ya nemi mai katin wance biyu su canza. Har kasuwa ta kafu ta katunan kaɗai, inda wanda ya yi wuyar samu ya kan fi kundin da ya fito a cikinsa tsada nesa ba kusa ba. Inda kuɗi ya shiga kuwa, 'yan damfara ba su nisa. Ana buga na jabu, ana kuma karɓar kuɗin mutum ta intanet a ɓace.

Ina sauran kundin su ke zuwa?

Wanda ya sayi kundi hamsin don kati ko don ƙuri'a, me zai yi da faifai hamsin masu waƙa iri ɗaya? Waɗansu su kan kai gidajen marayu, har gidajen su rasa inda za su sa su. Waɗansu su zubar. A 2024 an ɗauki hotunan kwalaye cike da sababbin kundi an jibge su a gefen titi a unguwar Shibuya ta birnin Tokiyo, an zare katunan an bar sauran. Ƙididdigar ma'aikatar muhalli ta Koriya ta nuna robar da kamfanoni su ke amfani da ita wajen yin kundi ta tashi daga wajen tan 56 a 2017 zuwa wajen tan 800 a 2022. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne daga cikin masoyan ne aka sami masu tsawatawa. A 2021 waɗansunsu suka kafa ƙungiya mai suna Kpop4Planet, suna kira ga kamfanoni su bar dabarun da ke sa a sayi abin da za a zubar. A 2024 kuma cinikin ya ja baya daga inda ya kai a 2023.

Amfanin tarawa

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin ɓarna ne. Son tara abu halin ɗan Adam ne, yana kuwa fitowa tun ana yara. Dubi yaro da murafun kwalba, ko yarinya da 'yan kwanonin wasanta, yadda su ke jera su, su ƙidaya, su ware manya da ƙanana. Wannan shi ne mafarin ilmin rarrabewa, wanda masanin tsirrai da ma'aikacin laburare su ke ci da shi. Mai tara kundi ya kan koyi tsari, da adana kaya, da riƙe alkawari wajen musaya. Waɗansu sha'awar ta kai su ga koyon karatun Koriya, wanda baƙaƙensa da wasulansa na asali 24 ne kacal, aka kuma ƙirƙiro shi a zamanin Sarki Sejong cikin ƙarni na 15. Yaron da ya koya wa kansa rubutun wata ƙasa ba tare da bulala ba, ai ba a ce masa daƙiƙi.

Babban amfani kuwa shi ne tarihi. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, editanta Abubakar Imam, haifaffen Kagara, wadda a lokacin ta ke cikin lardin Kwantagora. Kwabo a ke sayar da ita, da yawa kuma an ƙunshe ƙosai da su. Amma 'yan kwafin da aka adana, yau su ne masu bincike su ke bi layi layi don su san yadda kakanninmu suka yi tunani. Haka faifan garmaho da kaset na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Waƙoƙinsu da yawa a hannun masoya aka same su. Finafinan Hausa na farko kuwa da dama sai da wahala a ke samun kaset ɗinsu yanzu, gama ba a ɗauke su abin ajiya ba. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi rubuce-rubuce masu yawa kan wannan sana'a, tsofaffin mujallu da kaset kuwa suna cikin manyan shaidun da irin wannan bincike ya ke dogara da su. Yarinyar da ta jera mujallun Fim a ƙarƙashin gadonta a shekarar 2000, aka riƙa yi mata faɗa, in har tana da su yau, tana riƙe da abin da laburare da yawa ba su da shi.

Ashe tarawa iri biyu ce. Akwai wadda mutum ya ke ajiye abu ɗaya ɗaya don ya san shi, ya kiyaye shi. Akwai kuma wadda aka shirya masa don ya yi ta sayen abu guda sau da yawa, ba ya kuwa taɓa cikawa, gama kafin ya haɗa na bana an fito da na baɗi. Ta farko tana ƙara wa mutum sani. Ta biyu aljihunsa ta ke ci, ta bar shi da ƙishirwa.

Abin da malami zai yi

Da fari, in ka ga kati ko mujalla a hannun yaro, kada ka yi saurin ƙwacewa ka yaga. An gwada wannan a zamanin hotunan Indiya da na mujallun Hausa, bai hana kome ba, sai dai ya koya wa yara ɓoyo. Tambaye shi wane ne wannan, daga wace ƙasa, nawa ya saya, ina ya sami kuɗin. Duba abin da idonka. In akwai shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, ka gaya masa dalili a fili. In lokacin darasi ne, ka karɓa ka ajiye, a tashi ka mayar masa.

Na biyu, ka mai da sha'awar abin koyarwa. Sami murafun kwalba 7, ka rubuta musu lamba 1 zuwa 7, ka zuba a jaka. Ko wane yaro ya riƙa zaro ɗaya, ya rubuta lambar, ya mayar, ya girgiza, har sai ya ga lambobin duka. A rubuta a allo sau nawa kowa ya zara, a tara a raba da yawan yaran. Za su ga amsar tana kewaya 18. Gani ya kori ji. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya fahimci yadda caca ko wace iri ta ke, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba. A darasin labarin ƙasa kuma a nemo Koriya a taswira, a ga yadda ƙasar da yaƙi ya ragargaza daga 1950 zuwa 1953 ta tashi har ta ke sayar wa duniya motoci da wayoyi da waƙoƙi.

Na uku, ka koya musu ƙa'idar kashe kuɗi. Kuɗin littafi da na abinci da na makaranta ba a taɓa su don sha'awa. Ba a cin bashi dominta. Kwafi ɗaya ya isa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wanda ya ce sai ya yi gasa da 'ya'yan masu kuɗin Seoul da Tokiyo, maƙwabcin mai akuya ne ya sayi kura.

Na huɗu, ka juyo da hankalinsu gida. Cikin gidajen Kwantagora da ƙauyukanta akwai tsofaffin kaset na makaɗan fada da na noma, da hotunan bikin salla, da tsofaffin jaridu da mujallu, suna nan cikin akwatuna gara tana ci. Aji guda zai iya tattara su da izinin masu su, a ba ko wane lamba, a rubuta a littafi sunan abin, da shekararsa, da wanda ya bayar. A ajiye su a kan kanta nesa da ƙasa, inda rana ba ta bugu, laimar damina kuma ba ta kai. Kaset ɗin da ya fara lalacewa a juye shi a kwamfuta tun bai mutu ba. Wannan aiki ba ya cin kuɗi, yaran kuwa za su sami daɗin nan da mai tara kati ya ke nema, na jerawa da cike giɓi.

Mutanen Koriya sun ɗauki mawaƙansu da daraja, suka yi musu kwali mai kyau, suka rubuta kome nasu, shi ya sa duniya ta saya. Wannan abin koyi ne. Dabarar sa yaro ya sayi abu ɗaya sau goma sha takwas kuwa, wannan mu san ta don mu tsare yaranmu daga gare ta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ba mu, amin.